Lakwaja, Tsibirin Sarakunanmu

Ni mutumin ƙasar Dambatta ne, inda gona ke manne da gona, iyakarsu ɗan layin gamba, kukan jakin wannan ƙauye ana jin sa a wancan. Tsibiri kuwa a taswira kaɗai na san shi. Saboda haka da na soma karanta yadda Turawa suka riƙa tsare mutane a tsibirai, sai na ɗauka zancen bai shafe mu ba.

Dabarar tasu daɗaɗɗiya ce. A tsibirin Santa Helena Ingilishi suka ajiye Nafoliyon daga 1815 har ya mutu a 1821. Sarkin Asante, Firempe na Ɗaya, suka kai shi tsibiran Seshel a 1900, bai ga Kumasi ba sai 1924. Mandela ma ya yi shekara 18 a tsibirin Robin. Teku ganuwa ce wadda ba ta bukatar yaɓe. Amma ni a ganina babban abin da ake nema shi ne a raba shugaba da jama'arsa, har su saba da rashinsa.

To, mu da ba mu da teku fa? Sai aka nema mana Lakwaja, mahaɗar Kwara da Binuwai. Lakwaja ba tsibiri ba ce, amma aikin tsibiri ta yi. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, aka kama Sarki Alu, aka kai shi Yola, daga baya aka mai da shi Lakwaja, can ya rasu a 1926. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, mashahurin marubucin waƙoƙi, da aka tuɓe shi can aka kai shi, can kuma ya cika a 1924.

Ya mai karatu, ka auna abin da ma'aunin ƙauyenmu. A wurinmu in an yini ba a ga mutum ba, kafin magariba an yi sallama a ƙofar gidansa. Ina ga wanda Kano duka ke faɗuwa gabansa, ya share shekara ashirin da ɗoriya ba fada, ba hawan Salla?

Firempe dai ya koma gida, Alu kuwa yana kwance a Lakwaja. Mu ɗaliban Hausa mun san labarin Robin sarai, amma mu nawa ne muka taɓa ziyartar kabarin Alu? Allah ya jiƙansa, amin.