Marian Anderson, Muryar da Aka Rufe wa Ƙofa

Yau za mu ƙetare teku zuwa Amurka, mu ji tarihin wata baƙar mace mai suna Marian Anderson, wadda duniya ta yarda babu kamar muryarta a zamaninta, amma a ƙasarta aka hana ta zauren da za ta tsaya ta yi waƙa, don kawai launin fatarta.

Bari in ɗan yi miki bayanin irin waƙar tukuna. Turawa suna da wani wasan kwaikwayo da suke kira opera, wanda ya samo asali a Italiya wajen shekarar 1600. Kin san a fim ɗin Indiya ana magana ne, sai can a tsinke da waƙa. To a opera kusan komai da waƙa ake faɗinsa, gaisuwa da faɗa da kuka har da mutuwa. Makaɗa masu goge da algaitu irin nasu, wani lokaci sun fi sittin, suna zaune a gaban dandali, ita kuma mawaƙiya babu lasifika, da ƙarfin ƙirjinta kaɗai za ta ɗaga murya ta haye kiɗan nan ta kai wa na kujerar ƙarshe. Shi ya sa ake shafe shekaru ana koyo a hannun malami, kuma koyon kuɗi yake ci. Wanda aka hana shi makaranta, an gama hana shi sana'ar.

An haifi Marian a birnin Filadelfiya ranar 27 ga Fabrairu, 1897. Mahaifinta ƙanƙara da gawayin kwal yake sayarwa. Mahaifiyarta, Anna, ta taɓa koyarwa a jihar Bajiniya, amma da ta zo Filadelfiya ba a yarda da takardunta ba. Marian tana da shekara 12 uban ya rasu sakamakon rauni da ya ji a wurin aiki, ya bar 'ya'ya mata uku. Uwar nan, malamar makaranta fa, ta koma wankau da goge daɓe a wani babban kanti don ta ciyar da su. Karatun Marian ya yi ta tsayawa, ba ta gama sakandare ba sai 1921, tana da shekara 24. Wadda take ganin ta makara da komawa aji, ta riƙe wannan.

Tun tana shekara 6 take waƙa a cocin unguwarsu, Union Baptist. Muryarta irin mai kaurin nan ce, mai zurfi, amma tana iya hawa sama idan ta so. Da ta tasa, sai ta je wata makarantar koyon kiɗa a garin don ta karɓi takardar shiga. Ta bi layi. Yarinyar da ke bakin taga ta yi ta tsallake ta tana sallamar na bayanta, sai da kowa ya watse sannan ta dube ta ta ce ba sa ɗaukar baƙar fata. Marian ba ta ce uffan ba, ta juya ta tafi gida. Mutanen cocinsu ne, talakawa masu aikatau da dako, suka yi karo-karo suka biya mata kuɗin wani malami, Giuseppe Boghetti. A 1925 ta shiga gasa da mawaƙa kusan 300 a Niyok, ta zo ta ɗaya.

Duk da haka ƙofofi ba su buɗe ba, sai ta nufi Turai. A Suwidin da Nowe da Finlan mutane suka yi ta cika zaure don su ji ta, har babban mai tsara kiɗan Finlan, Sibelius, ya karɓe ta a gidansa. A 1935, a garin Salzbag na Ostiriya, shahararren jagoran makaɗa Toscanini ya saurare ta, ya ce irin wannan murya sau ɗaya ake jin ta a shekara ɗari. Ta koma gida da wannan suna, amma gida yana nan yadda ta bar shi. A jirgin ƙasa akwai taragon baƙaƙe daban. Otal-otal da yawa ba sa ba ta ɗaki. A 1937 ta je waƙa garin Firinston, otal ya ƙi saukar da ita, sai masanin kimiyyar nan Albert Einstein ya ce ta zo gidansa ta kwana. Ki duba fa: mutane sun biya kuɗi sun tafa mata da daddare, amma wurin da za ta sa haƙarƙarinta ya gagara.

To, ga inda labarin ya yi zafi. A 1939 jami'ar Howard, ta baƙaƙen fata da ke Washinton, ta nemi zauren Constitution Hall don Marian ta yi waƙa, saboda shi ne mafi girma a birnin, yana cin mutum kusan 4,000. Zauren mallakar wata ƙungiyar mata ce da ake kira DAR, matan da ke alfahari da cewa kakanninsu ne suka yi yaƙin ƙwatar 'yancin Amurka. Dokarsu a lokacin ita ce farar fata kaɗai ke hawa dandalinsu. Suka hana. Aka nemi zauren wata makarantar sakandare ta fararen yara, hukumar ilimi ita ma ta kawo cikas. Abin da ke ba ni takaici, 'yar'uwa, mata ne suka fara rufe wa mace ƙofar nan. Sai dai kuma mace ce ta tsaya mata. Eleanor Roosevelt, matar shugaban ƙasa, 'yar ƙungiyar ce. A watan Fabrairu ta rubuta musu takardar ficewa, ta kuma sanar da duniya a shafin da take rubutawa a jarida.

Walter White, shugaban ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP, da ministan cikin gida Harold Ickes suka shirya a yi abin a fili, a gaban ginin tunawa da Lincoln, shugaban da ya soke bauta. Ita Marian ba mai son hayaniya ba ce, ba ta taɓa ɗaukar kanta 'yar gwagwarmaya ba, kuma abin ya tsorata ta. Amma ta zo. Ranar Lahadi 9 ga Afrilu, 1939, ranar bikin Ista, ana sanyi, ta fito cikin babbar rigar gashi ta tsaya a kan matakala. Mutum 75,000 ne a gabanta, baƙi da fari a cakuɗe, babu igiyar da ta raba su. Ta rufe idanunta kamar yadda ta saba, ta fara. Ba ta kai minti talatin ba, kuma ba ta yi jawabi a kan waɗanda suka hana ta ba ko kalma ɗaya. Rediyo ya ɗauki muryar ya kai ta gidajen miliyoyin mutane, har ɗakunan matan da ba su taɓa taka zauren waƙa ba, kamar dai yadda kike jina yanzu daga tsakar gidanki. Zauren da suka hana zai ɗauki dubu huɗu ne kacal.

Akwai wata baƙar mace a ɓoye cikin wannan rana. Waƙar da Marian ta rufe jerin waƙoƙinta da ita, Florence Price ce ta tsara kiɗanta. Ita ce baƙar mace ta farko da wata babbar ƙungiyar makaɗa ta Amurka ta kaɗa dogon kiɗan da ta rubuta, a Shikago a 1933. Ta rasu a 1953, aka kusa mantawa da ita. Sai a 2009 wasu da suka sayi wani tsohon gida da ya fara rushewa a jihar Ilinoi suka tarar da tarin takardun kiɗanta a zube a ciki. Da an share su an zubar, shi ke nan.

A 1943 matan DAR da kansu suka gayyaci Marian zauren nasu, ta yi waƙar tara kuɗin agajin yaƙi, baƙi da fari suna zaune tare. A wasu garuruwan da doka ta raba kujeru, ta kan nemi a raba zauren a tsaye, daga gaba zuwa baya, don baƙaƙe su ma su sami kujerar gaba maimakon a tura su can sama ko ƙurya. Daga baya ta daina waƙa gaba ɗaya a duk inda aka raba mutane.

Saura ƙofa ɗaya, wato Metropolitan Opera na Niyok, gidan opera mafi girma a ƙasar, wanda aka buɗe tun 1883. Sai ranar 7 ga Janairu, 1955 shugaban gidan, Rudolf Bing, ya sa ta a wasan Verdi mai suna Un ballo in maschera, ta zama baƙar fata ta farko da ta rera babban matsayi a can. Ta fito a matsayin Ulrica, wata mai duba, a fage ɗaya tak. Shekarunta 57, ƙarfin muryar ya fara ja baya. Jama'a sun tafa mata tun kafin ta buɗe baki, amma ni a ganina an ba ta tuwon ne bayan ya huce. Da a ce tun tana 'yar talatin da takwas aka kira ta, lokacin da Toscanini ya ji ta, da wane irin abu duniya za ta ji?

Amma tunda ƙofar ta buɗu, ba ta sake rufuwa ba. Mako uku bayan nan Robert McFerrin ya zama baƙin namiji na farko a gidan. A 1961 Leontyne Price, 'yar jihar Misisipi, ta shigo da ƙuruciyarta da cikakkiyar muryarta, aka yi ta tafa mata fiye da rabin sa'a, kuma ita ce ta jagoranci wasan buɗe sabon ginin gidan a 1966. Wasu abubuwan kuwa sun ja lokaci ƙwarai. Sai a 2015 gidan ya daina shafa wa farin mawaƙi baƙin kwalli a fuska don ya fito a matsayin Otello. Kuma sai a 2021 aka fara nuna opera da baƙar fata ya tsara, na Terence Blanchard, shekara 138 bayan buɗe gidan. Daga nahiyarmu ma an samu: Pretty Yende ta Afirka ta Kudu tana 'yar shekara 16 ta fara jin opera a wata talla ta talabijin a gidansu, ta hau dandalin Metropolitan a 2013, ta kuma yi waƙa a bikin naɗin Sarki Charles na Ingila a 2023.

Ita kuwa Marian, ta yi waƙa a bikin rantsar da shugaba Eisenhower a 1957 da na Kennedy a 1961, ta kuma wakilci Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1958. A 1963 ta koma kan matakalar Lincoln ɗin nan ta yi waƙa, ranar da Martin Luther King ya yi mashahurin jawabinsa. Da ta tashi yin zagayen ban-kwana da sana'a a 1964, a Constitution Hall ta fara, ta ƙare a Carnegie Hall na Niyok a watan Afrilun 1965. Ta rasu ranar 8 ga Afrilu, 1993 a garin Fotlan, a gidan ɗan ƙanwarta James DePreist, wanda shi ma ya zama jagoran makaɗa. Shekarunta 96.