Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tarihin Kogin Watarase

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne nuna wa mai karatu yadda kula da halin da kogi ke ciki kan tona asirin ɓarnar da masu iko ke son ɓoyewa. Misalin da za mu ɗauka daga ƙasar Japan yake.

Kogin Watarase ya gangaro ne daga duwatsun Ashiyo, inda wani attajiri, Furukawa Ichibei, ya sayi mahaƙar jan ƙarfe a 1877. Hayaƙin narkar da ƙarfen ya kashe itatuwan kan duwatsun, dagwalon mahaƙar kuwa ya riƙa kwarara cikin rafuka. Masunta ne suka fara lura, domin kafin 1890 kifi ya yi ta mutuwa. Da ambaliyar 1890 ta zo, sai ta shimfiɗa dafin a gonakin shinkafa, shuka ta ƙone.

Manoma ba su tsaya ga koke kawai ba. A 1891 suka kai samfurin ƙasa da ruwa ga wani masanin kimiyyar noma, Kozai Yoshinao, ya auna, ya tabbatar jan ƙarfe ne sanadi. A shekarar ce Tanaka Shozo ya ta da maganar a Majalisar Dokoki. Sai 1897 gwamnati ta umarci kamfanin ya gina tafkunan tace dagwalo, amma ɓarna ba ta tsaya ba. Tanaka ya ajiye kujerarsa a 1901, ya yi yunƙurin miƙa wa Sarkin Japan takardar kuka hannu da hannu, aka kama shi. Daɗin daɗawa, a 1907 hukuma ta rushe ƙauyen Yanaka don a yi matarar ambaliya a wurin. An rufe mahaƙar a 1973, kamfanin kuma ya amince ya biya manoma diyya a 1974.

A yau masana kan auna ƙarfen da ke cikin ruwan irin waɗannan rafuka, su kuma ɗaga duwatsu su ƙirga ƙananan ƙwarin da ke maƙale ƙarƙashinsu, saboda wasunsu ba sa jure dafin ƙarfe ko kaɗan. Watau aikin da idon masunci ya fara ne aka mayar ilimi. Da an saurari masuntan Watarase tun ranar da kifi ya fara tasowa a mace, da Yanaka ba ta zama kufai ba.