Turbobin dutsen Mandara: mun zauna a gindinsu, ba mu hau ba

Yau maganata a kan duwatsun nan ne da muke buɗe ido mu gani kullum ta gabas, da kuma hanyoyin ƙafa da suka ratsa su. Ka tambayi yaran unguwarmu goma ko sun taɓa hawa, da wuya ka samu biyu, alhali wasunmu kakanninsu ne suka zo nan da jakuna. Wannan abin yana da dalili, kuma dalilin yana cikin tarihi.

Bari in ɗan kewaya ta ƙasar Ingila, don a can ne na ga yadda wasu suka ɗauki tsohuwar hanya da daraja. A kudancin ƙasar akwai tuddai masu laushi waɗanda ƙarƙashinsu duk alli ne, irin wanda malam ke rubutu da shi a allo. Alli ba ya riƙe ruwa, saboda haka ko da damina bayan tudun a bushe yake, kwarin kuwa sai laka da kurmi. Shi ya sa mutanen da suka gabata suka riƙa bin ƙoƙuwar tudu. Hanyar da suke kira Ridgeway an yi kimanin shekara 5,000 ana binta, kuma yawancin masu binta fatake ne da makiyaya masu kora dabbobi zuwa kasuwa. A taƙaice burtali ce. A 1949 suka yi dokar da ta ba da damar keɓe irin waɗannan dogayen hanyoyi don masu yawo, aka buɗe South Downs Way a 1972, wadda yau ta kai mil 100 daga Winchester zuwa Eastbourne, aka buɗe Ridgeway mai mil 87 a 1973. Yanzu magidanci yakan ɗauki matarsa da 'ya'yansa ranar hutu su yi mil biyu ko uku a kai, su ci guzurinsu su koma gida. Burtalin shanu ya zama wurin koya wa yara tarihin ƙasarsu.

To mu ma muna da namu, kuma wanda ya fi fice yana arewa da mu, bayan Michika, a ƙaramar hukumar Madagali, wato Sukur. A can ba sawun ƙafa ne kawai ya fitar da hanya ba, gina ta aka yi. Mutanen Sukur sun jera falalen duwatsu ɗaya bayan ɗaya tun daga gindin dutse har zuwa saman, inda fadar sarkinsu, wanda suke kira Hidi, take. Ita kanta fadar da dutse aka gina ta, an ɗora wani kan wani ba tare da siminti ba. Gefen hanya kuma gonaki ne hawa-hawa kamar matakalar bene, kowane an tokare shi da katangar dutse don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. Har da ramukan da aka gina don turke bijimi a yi masa kiwo. A 1999 hukumar UNESCO ta saka Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, kuma shi ne na farko da ya samu wannan matsayi a Nijeriya, ya riga kurmin Osun na Osogbo wanda ya shiga a 2005.

Me zai sa mutane su sha wannan wahalar? Wani ɓangare na amsar shi ne ƙarfe. Mutanen Sukur gwanayen narka tama ne. Suna tara baƙin yashi mai ƙarfe daga magudanan ruwa, su haɗa da gawayi, su yi ta zuga har ƙarfe ya fito. Wannan ƙarfe ne ake saukowa da shi a sayar wa mutanen fili, ya tafi har ƙasar Borno, a ƙera fartanya da gatari da mashi. Sana'ar ba ta mutu ba sai wajajen 1960, lokacin da ƙarfen turawa da tarkacen motoci suka yi arha. Ni da na tashi a gidan kasuwanci wannan ne ya fi burge ni: mutumin da muke ɗauka ya ɓuya a kan dutse bai san duniya ba, ashe shi ne mai kayan da fatake ke nema.

Ɗaya ɓangaren amsar ba shi da daɗi, amma sai an faɗe shi. Bayan jihadin ƙarni na 19, lokacin da Modibbo Adama ya kafa daular Fombina, ya zauna a Yola a 1841, Fulani suka kafa garuruwa a filin da kogin Yedzeram ke ratsawa, Mubi da Uba da Michika da Madagali. Bature matafiyi Heinrich Barth ya bi ta Uba da Mubi a watan Yuni na 1851 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola. A wancan zamani doki ne ƙarfin mai yaƙi, doki kuwa ba ya hawa dutse. Sai dutse ya zama garkuwar Fali da Gude da Higi da Margi, fili kuma ya zama wurin da mutum ke iya sauka ɗiban ruwa ko noma a kama shi a sayar.

Kada wani ya ce ai wannan labarin kanzon kurege ne, domin akwai wanda ya yi abin kuma ya sa aka rubuta. Hamman Yaji, sarkin Madagali, ya ajiye littafin abin da yake yi kullum daga 1912 zuwa 1927. A ciki ana lissafa hare-haren da ya tura kan ƙauyukan dutse, har da Sukur, da adadin bayi da shanun da aka kawo masa, kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta cinikin rana. Turawan Ingila sun kama shi a 1927, ya rasu a 1929, kuma an buga fassarar littafin da Turanci a 1995. Ku lura da shekarun, jama'a. Wannan ba zamanin Shehu ba ne, zamanin kakannin iyayenmu ne. Akwai tsofaffi a ƙauyukan nan da suka ji labarin daga bakin waɗanda abin ya faru a kansu.

Ina Bahaushe a cikin wannan? Mu ba mu zo da tuta ba, mun zo da goro da tufafi da kanwa da gishiri, muka sauka a zango, muka zauna a inuwar masu mulkin fili. Amma kowa ya san cewa a kasuwannin wancan lokaci har da mutane ake ciniki, kuma ayarin fatake bai tsira daga wannan ba. Saboda haka idan mutumin dutse ya kalli mai babbar riga da ɗan taka-tsantsan, ba daga sama ya samo ba. Mu ma mun gaji wasu kalmomi na raini da muke kiran su da su, har yanzu kana jin su a bakin yara a makaranta. A ganina wannan gadon ne ya sa muke saya daga hannunsu, mu sayar musu, mu yi shekara da shekaru muna gaisawa a kasuwar Mubi, amma ƙafarmu ba ta taɓa taka ƙofar gidansu a Bahuli ko Muchalla ba.

Turawa su ma sun san amfanin dutsen nan. Jamusawa sun mamaye Mubi a 1903, da yaƙin duniya na farko ya juya musu baya sai sojojinsu suka haye dutsen Mora, can ƙarshen Mandara ta arewa, ba su miƙa wuya ba sai a watan Fabrairu na 1916. Daga nan Ingila da Faransa suka raba ƙasar, iyakar ta bi ta kan duwatsun, ta raba dangi gida biyu. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961 yankinmu ya zaɓi Nijeriya, aka kira shi Lardin Sardauna, Mubi ce hedikwata. Amma turbar ƙafa ba ta san iyaka ba. Ta cikinta aka ci gaba da zuwa biki da jana'iza da cin kasuwa, da kuma, to, fasa-ƙwauri, wanda ba sai na yi wa 'yan kasuwa bayani ba.

Sai shekarar 2014. A ƙarshen watan Oktoba Boko Haram suka shiga Mubi, suka kama Vimtim ma, garin Alex Badeh wanda a lokacin shi ne babban hafsan tsaron ƙasa. Manyan tituna suka zama tarko. Dubban mutane, Musulmi da Kirista, Hausawa da Fulani da Fali da Gude, suka nufi gabas a ƙafa, suka bi ta cikin duwatsu zuwa Kamaru. Da yawa daga cikinmu ranar ce muka fara taka turbar da muka yi shekaru muna hange, da goyo da tsofaffi, ba mu san inda ruwa yake ba, ba mu san wace hanya ce ke ɓullewa ba. Waɗanda suka sani su ne mutanen dutse. An ƙwato Mubi a watan Nuwamba, amma a watan Disamba maharan suka hau Sukur suka ƙona gidaje, suka lalata wani sashe na fadar Hidi.

Shi ya sa nake ganin bai kamata yaranmu su sake sanin dutsen nan ta hanyar gudu kaɗai ba. Ban ce kowa ya kwashi iyali ya nufi Sukur gobe ba, don yankin Madagali ya sha hare-hare shekaru bayan 2014, duk mai niyya sai ya tambayi mutanen wurin da jami'an tsaro tukuna. Amma tuddan da ke kusa da mu a nan Vimtim ba su fi ƙarfin yaro ɗan shekara bakwai ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, an girbe dawa, ciyawa ta kwanta, zafin Maris bai zo ba. A fita bayan sallar asuba da ruwa isasshe. A fara zuwa gaida mai unguwar wurin, a roƙe shi ya haɗa ku da wanda ya san hanya, a sallami mutumin da abin kirki. A hana yara hawa katangar gonaki, domin dutse ɗaya in ya zame aikin wani ne ya rushe. In kuma ɗan rakiya ya nuna wani dutse ko wata bishiya ya ce nan ba a zama, sai a wuce ba tare da gardama ba.