Tafiyar Makka da Abdullahin Gwandu Bai Kammala Ba

A tarihin daular Sakkwato da wuya a sami wanda ya haɗa shari'a, yaƙi da mulki kamar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka haifa wajen 1766, ƙanen Shehu Usmanu. Shi ne wazirin Shehu, yana cikin jagororin rundunar da ta karya mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto a 1804, ga shi kuma masanin fiƙihun Malikiyya. Mai son sanin wanne ya rinjaya a cikin ukun nan, sai ya dubi abin da ya faru wajen 1807, lokacin da ya bar rundunar da ta nufi Alƙalawa, babban birnin Gobir, ya sa gaba gabas da niyyar isa Makka da Madina. Shi da kansa ya bayyana dalilinsa a Tazyinul Waraƙati: malamai da mahaddata da yawa sun yi shahada, musamman a yaƙoƙin Tsuntsuwa da Alwasa, da yawa daga waɗanda suka rage kuwa hankalinsu ya koma kan ganima da sarauta. A wurinsa jihadi hanya ce ta tsayar da shari'a, in ta kauce wa wannan manufa ba ta da sauran hujja.

Tafiyar ba ta wuce Kano ba. Jama'ar garin suka tsare shi, suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su riƙa dogaro da shi wajen hukunci. Nan ya rubuta Diya'ul Hukkami, inda ya zayyana haƙƙoƙin da ke kan shugaba, ka'idojin alƙalanci da na tafiyar da dukiyar al'umma. Ya karantar da tafsiri, ya kuma mai da gangunan fada komayen zuba wa dawaki abinci.

Wani zai ce barin runduna ana tsakiyar yaƙi gudu ne, ko da sunan ibada aka yi shi. Amma matsoraci ba ya komawa inda ya gudo, Abdullahi kuwa ya koma, ya jagoranci yaƙoƙi a yamma har ƙetaren Kwara, shi aka ba yankin yammacin daula a rabon 1812. Wani kuma zai ce son mulki ne ya ɓata masa rai, yana kafa hujja da saɓaninsa da Muhammadu Bello ɗan Shehu bayan rasuwar Shehu a 1817. To, ai ƙorafinsa ya riga wannan saɓani da shekara goma, a lokacin da babu wanda ya fi shi muƙami sai Shehu, kuma daga baya a garin Kalambaina ya yi wa Bello, ɗan ɗan'uwan nasa, mubaya'a.

Abdullahi ya rasu a Gwandu wajen 1829 bai ga Ka'aba ba. Niyyar da bai cika ba ita ta samar da littafin da ya ɗora shari'a a kan mai mulki kafin talaka, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna shi.