Ranakun shiga gandun daji kyauta a jihar Minnesota

A jihar Minnesota ta Amurka sau huɗu a shekara ake buɗe gandayen dajin jiha kyauta. Guda daga ciki ita ce Juma'ar da ke bin bikin godiya, ƙarshen watan Nuwamba, lokacin da sanyi ya fara kamawa sosai.

To amma a lura: kuɗin shigar mota kaɗai ake yafewa. Mai son kwana a tanti ko hayar kwalekwale sai ya biya. Mai shiga a ƙasa ko bisa keke kuwa, da ma ba a karɓar masa komi.

Cikinsu akwai Itasca, wanda aka kafa a 1891. Nan kogin Misisipi ya faro, ɗan siriri, har mutum kan tsallake shi bisa duwatsu.