Tanda da Kasko: Tarihin Suyar Masa a Ƙasar Shagari da Boɗinga

Tanda wani kasko ne na yumɓu wanda ake gina shi da gurabu masu ɗan zurfi a samansa, kowane gurbi gwargwadon tafin hannu, ana ɗora shi a kan murhu a zuba ƙullu a cikin guraban domin suyar masa, wadda mutanen Kano da Zariya suka fi kira waina. Tana da ɗan'uwa, wato shimfiɗaɗɗen kasko marar gurabu wanda ake yin sinasir a kansa. A ƙasar Shagari da Boɗinga, kamar sauran ƙasar Sakkwato, waɗannan kayan girki biyu su ne suka tsaya a matsayin da tanderu ya tsaya a wasu ƙasashe, kuma dalilin hakan yana cikin irin hatsin da ƙasar take nomawa da irin makamashin da take da shi.

Gero da maiwa da dawa, waɗanda su ne abincin tudu, da shinkafa wadda take abincin fadama, duk ba su da sinadarin danƙo da ke cikin alkama, wanda shi ne yake riƙe iska a cikin kwaɓi har burodi ya tashi ya tsaya da kansa. Garin gero komai kyawun niƙansa ba ya curuwa ya kumbura a cikin tanderu, saboda haka dabarar da ta rage wa mai son gasasshen abu mai laushi ita ce ta dama garin ruwa-ruwa, ta bar shi ya yi tsami, sannan ta zuba shi a kan abu mai zafi wanda zai riƙe masa siffa kafin ya faɗa. Gurbin tanda shi ne yake yin wannan aiki na riƙewa. Ga kuma batun wuta, domin tanderu yana cin itace mai yawa kafin ya ɗau zafi, alhali tanda tana wadatuwa da karan dawa da ƙirare, waɗanda ba a rasa su a gidan manomi bayan kaka. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, an daɗe ana noma ta da rani a fadamu ana yin alkaki da funkaso da taliya da ita, kuma gurasar Kano da ake gasawa a tanderu shaida ce a kan haka, sai dai ta kasance abincin masu hali da mutanen birni, ba ta taɓa zama cimar yau da kullum a ƙauye ba.

Wannan yanki yana da matsayi a tarihin daular Usmaniyya wanda ya shafi sana'ar abinci kai tsaye. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa har zuwa 1815 lokacin da ya koma Sakkwato, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga kafin ya tare a Gwandu, don haka hanyar da ta haɗa manyan biranen daular biyu ta ratsa ta nan, kuma ta wannan ɓangare ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya tashi daga Sakkwato zuwa Gwandu a 1853. Inda malamai da almajirai da fatake suke taruwa kuwa dole a sami mai sayar da abincin da ba ya bukatar akushi ko zama, wanda matafiyi zai saya da 'yan wuri kaɗan ya ƙulle a gefen riga. Masa ta dace da wannan bukata, ta kuma dace da wata wadda ta fi ta nauyi a zukatan mutane, wato sadaka. Abin da za a raba wa yara da almajirai ranar Juma'a, ko ranar suna, ko a sadakar uku da bakwai da arba'in ta mamaci, ana so ya zama mai ƙirguwa wanda kowa zai karɓi rabonsa a hannu ba tare da gardama ba, kuma tanda tana fitar da shi girma ɗaya. Ana iya cewa sadaka ta raya tanda fiye da yadda kasuwa ta raya ta, domin gidan da ba ya sayar da masa ma yakan ajiye tandarsa saboda irin waɗannan ranaku.

Ginin tanda aikin maginan tukwane ne, kuma da hannu ake yin sa ba tare da wani inji ba. Ana haƙo yumɓu a bakin fadama ko tsohon kududdufi, a jiƙa shi, a tsince tsakuwa, a haɗa shi da dakakken katanga, wato garin fasassun tukwane, domin kada ya tsage idan ya sha wuta. Sai a shimfiɗa faifan yumɓun da kauri, a danna gurabun ɗaya bayan ɗaya, a goge cikinsu da dutse mai santsi har su yi sulɓi, a shanya a inuwa kwanaki, sannan a gasa a fili da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu. Sabuwar tanda ba ta suya nan take. Dole mai ita ta hore ta, ta shafe gurabun da mai ta ɗora a wuta marar ƙarfi sau da dama har yumɓun ya sha man ya yi baƙi, kuma masar farko takan kama ta farfashe. Wannan ne ya sa tsohuwar tanda ta fi sabuwa daraja, har uwa takan bar wa 'yarta, maƙwabta kuma su riƙa aro idan hidima ta taso.

Haɗin ƙullu shi ne inda gwaninta take. Idan na shinkafa ne, ana jiƙa shinkafar tuwo a wanke, a dafa wani kaso kaɗan daga cikinta har ya yi laushi, a haɗa da ɗanyar a niƙa tare, domin dafaffen kason shi ne yake ba masar laushin ciki. Ana rufe ƙullun ya kwana a wuri mai ɗumi, tsamin da ke jikin tsohuwar ƙwarya ko ragowar ƙullun jiya ya tayar da shi, da asuba kuma a zuba ruwan kanwa gwargwado domin ya kashe kaifin tsamin ya ƙara masa tashi. Kanwa idan ta yi yawa masa ta yi ja ta yi ɗaci, idan ta yi kaɗan ta yi tsami ta kwanta, kuma babu ma'auni sai harshen mai suya. Tana ɗiga mai a kowane gurbi, ta zuba ƙullu da ludayi tana bin gurabun a jere, kafin ta kai na ƙarshe gefen na farko ya soma ja, sai ta sa ƙoshiya, wato ɗan ƙarfen juyi mai lanƙwasa, ta kifa shi. Yumɓu yana jinkirin ɗaukar zafi amma yana riƙe shi daidai, shi ya sa cikin masar yake nuna kafin bayanta ya ƙone.

Irin wannan dabara ba ta tsaya ga ƙasar Hausa ba, domin Habashawa suna gasa injera a kan faifan yumɓu da suke kira mitad, mutanen Sudan kuma suna yin kisra a kan doka. Misalin da ya fi ba da darasi shi ne na Wales a yammacin Birtaniya, ƙasar duwatsu da ruwan sama inda alkama ba ta yi sosai, inda kuma gidajen karkara da yawa ba su da tanderu. Tun a ƙarshen ƙarni na 12 malamin coci Gerald na Wales ya ambaci siririn burodi mai faɗi da mutanensa suke gasawa kullum, kuma matan ƙasar sun ci gaba da gashi a kan shimfiɗaɗɗen dutse da suke kira maen, wanda daga baya faifan baƙin ƙarfe mai suna planc ya maye gurbinsa, suna yin wainar hatsinsu na ot da ƙananan wainar zabibi da ƙasar ta shahara da ita. Dalilin da ya kai su ga dutse shi ne ya kai matan Sakkwato ga yumɓu.

Ƙarni na 20 ya sauya kusan kowane abu da ke shiga tanda. Man shanu na Fulani da man kaɗe su ne man suya na da, sai noman gyaɗa ya bunƙasa bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, man gyaɗa ya yi arha ya mamaye suya. Injin niƙa ya sauke wa mata wahalar dutsen niƙa, yis na kanti ya rage dogaro da tsamin kwana, sukari ya shiga ƙullu. Masar gero, wadda ita ce ta talaka, ta ja baya a gaban farar masar shinkafa, musamman daga shekarun arzikin man fetur, kuma a zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin Shagari, daga 1979 zuwa 1983, shinkafar waje ta cika kasuwannin Nijeriya duk da shirin bunƙasa noma da gwamnatinsa ta ƙaddamar a 1980. Sauyin da ya fi taɓa maginan tukwane shi ne fitowar tandar alminiyam da maƙeran fari suke zubawa daga tsofaffin ƙarafa. Ba ta fashewa, ba ta da nauyi, tana hawa kan gawayi ko gas, don haka babu mai zargin macen da take suyar sayarwa idan ta zaɓe ta, amma tana saurin ƙona baya tana kuma shan mai, kuma wanda ya san masar yumɓu yana jin bambancin.

Sana'ar suyar masa ta mata ce tun daga samun ribarta har kashe ta, domin matar da take cikin kulle tana soyawa a tsakar gida, 'ya'yanta su kai talla, kuɗin kuma su tafi ga adashi da kayan ɗakin 'ya mace, kamar yadda Polly Hill ta bayyana irin wannan ɓoyayyen ciniki a nazarinta na Batagarawa da aka buga a 1972. Da yake masu rubuta tarihin Sakkwato sun fi mayar da hankali ga sarauta da jihadi da malanta, abin da aka taskace game da tanda kaɗan ne ƙwarai. A Wales, gidan tarihi na St Fagans ya tura S. Minwel Tibbott ta bi tsofaffin mata gida-gida tana naɗar bayaninsu, har ta fitar da littafi a kan girkinsu a 1976. Ya kamata Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su yi irin wannan aiki a Shagari da Boɗinga da Sifawa, su naɗi muryoyin maginan tanda da tsofaffin masu suyar masar gero tun suna raye.