Rubutun dare da haƙƙin barci: jagora ga sabbin marubuta da malaman yaƙi da jahilci

Tun farkon shekarun 1960 ne ƙasar Nijar ta soma aikin yaƙi da jahilci cikin harsunan ƙasa. A gundumomin Tasawa da Mayahi na jahar Maraɗi, daga Maijirgi da Korgom har zuwa Kanambakashe da Sarkin Hausa, akwai maza da mata da suka koyi karatu da rubutu da girmansu. Wasu ba su tsaya ga rubuta suna da lissafin asusu ba. Suna tsara waƙa, suna rubuta tatsuniya da labari da wasan kwaikwayo, wasu da boko, wasu da ajami. Tun da sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata a shekarar 2016, sha'awar rubuta gajeren labari ta ƙaru, kuma salula ta zama takardar mutane da yawa.

Mafi yawan wannan rubutu da dare ake yin sa. Marubucin da ya bar dare ya cinye masa barci yakan yi asara biyu: lafiyarsa ta raunana, rubutun ma ya lalace. Maganin abin shi ne a yanka wa rubutu lokacinsa, a bar wa barci nasa.

Me ya sa ake rubutu da dare?

Rana tana da masu ita. Manomi yana gonar hatsi ko gyaɗa. Mace tana tsakanin rijiya da turmi da murhu. Malamin karatun manya yana da aji da rajista da rahoto. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, ta yadda zaman ɗaki da rana ba ya yiwuwa. Sai bayan lisha gida yake yin shiru, yara su kwanta, iska ta sanyaya. Karatun dare kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin almajirai sun daɗe suna karatu a bakin wutar kara. Saboda haka ba laifi ba ne mutum ya ɗauki alƙalami da dare. Laifin yana ga rashin sanin lokacin ajiye shi.

Barci nawa jiki yake bukata?

A shekarar 2015 ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka sun fitar da matsaya cewa baligi yana bukatar aƙalla awa 7 a kowane dare. Matasa ƴan shekara 13 zuwa 18 kuwa suna bukatar awa 8 zuwa 10.

Jikin ɗan Adam yana da agogonsa na ciki mai zagayen kusan awa 24, kuma haske ne yake saita shi. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari mai suna melatonin, wanda yake shirya jiki ga barci. Haske mai ƙarfi da dare yana jinkirta fitowarsa. Masana uku da suka gano yadda wannan agogo yake aiki sun sami lambar Nobel a shekarar 2017.

A Tasawa da Mayahi ana kiran asalatu wajen ƙarfe 5. Wanda zai tashi a wannan lokaci, idan yana son awa 7, dole ya kasance ya yi barci da ƙarfe 10 na dare. Wanda ya zauna har ƙarfe 1 yana rubutu, awa 4 kawai ya samu.

Abin da ƙarancin barci yake jawowa

Raunin hankali. A shekarar 2003 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun taƙaita barcin wasu mutane zuwa awa 6 har tsawon dare 14. A ƙarshe kuzarin tunaninsu ya faɗi kamar na wanda ya yi dare ɗaya ko biyu bai runtsa ba. Abin lura shi ne, su kansu ba su ji cewa sun raunana haka ba. Don haka idan marubuci ya ce ya saba da ɗan barci, maganarsa ba hujja ba ce.

Haɗari a hanya da wurin aiki. Wani bincike da aka yi a Ostireliya, aka buga a shekarar 1997, ya nuna cewa awa 17 a farke suna rage nutsuwar ido da hannu daidai da shan barasar da dokar ƙasashe da yawa ta hana tuƙi da ita. Wanda ya tashi ƙarfe 5 na asuba ya cika awa 17 da ƙarfe 10 na dare. Mai kabu-kabu, da mai injin niƙa, da macen da ke jan guga a rijiya mai zurfi, duk suna cikin haɗari idan sun wayi gari da gyangyaɗi.

Ciwo. Daɗewa cikin ƙarancin barci yana da alaƙa da hawan jini da ciwon sukari da ƙuncin zuciya. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro: sauron da ke kawo shi da dare yake cizo, kuma yana yawaita daga tsakiyar damina zuwa kaka. Duk awar da marubuci ya yi a tsakar gida yana rubutu, awa ce da ya yi a wajen gidan sauro.

Saɓani a gida da aji. Mai bashin barci yana da saurin fushi da mantuwa. Malamin da ya shigo aji a gajiye ba ya iya haƙuri da dattijon da ke fama da bambanta d da ɗ, kuma ɗalibi babba idan aka tsawata masa sau ɗaya yana iya daina zuwa.

Barci abokin marubuci ne

Wasu suna ganin barci ɓata lokaci ne. Ba haka abin yake ba. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take tabbatar da abin da aka koya da rana. A shekarar 2004 masana a birnin Lubek na Jamus sun ba mutane wani aikin lissafi mai ɓoyayyar gajeriyar hanya. Waɗanda suka yi barcin awa 8 kafin su sake gwadawa, adadin masu gano hanyar a cikinsu ya ninka na waɗanda suka zauna a farke fiye da sau biyu. Haka yake ga mai waƙar da amsa-amo ya cije masa, ko mai labarin da ya rasa yadda zai rufe shi. Sau da yawa abin da ya gagara da tsakar dare yakan zo da sauƙi bayan asuba. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara.

Shawarwari

1. Ku fara lissafi daga lokacin tashi. Ku ƙirga awa 7 baya, wannan shi ne lokacin barcinku. Lokacin rubutu shi ne abin da ya rage tsakanin lisha da wannan iyaka, galibi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

2. Ku ajiye alƙalami kamar rabin awa kafin kwanciya. Kada ku jira sai tunani ya ƙafe. Ku tsaya alhali kun san abin da zai biyo baya, ku rubuta shi a layi ɗaya, gobe ku ɗora daga nan.

3. Ku ajiye ɗan littafi kusa da shimfiɗa. Idan wata dabara ta faɗo muku, ku rubuta kalma biyar ko shida, ku koma ku kwanta. Mai salula yana iya naɗar muryarsa da rana, ko a gona ko a hanyar kasuwa, don kada komai ya jira dare.

4. Ku raba aikin gida biyu. Zubo sabon tunani yana iya zama da dare. Gyaran ƙa'idar rubutu da kwafewa a bar su sai da rana, lokacin da ido yake da haske.

5. Ku kula da shayi da goro da Nescafé. Dukansu suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda rabinsa yake nan cikin jini bayan kimanin awa 5. Shayin fada na ƙarfe 9 yana nan yana aiki da ƙarfe 2 na dare. Ya fi kyau a tsaya daga la'asar. Ƙwayoyi irin su tramadol kuwa, ba su ƙara basira. Suna jawo kamu da farfaɗiya, har da mutuwa.

6. Ku zaɓi fitila mai kyau. Aci-balbal da fitilar ƙwai suna fitar da hayaƙi mai cutar da huhu da ido, kuma suna iya tayar da gobara idan barci ya sace mai rubutu. Fitila mai aiki da hasken rana ta fi aminci. Mai rubutu a salula ya rage hasken allonta, ya kashe saƙonni, domin hira ta fi rubutu cin dare.

7. Da damina ku yi rubutu cikin gidan sauro mai magani, da tocila ko fitilar rana. Kada a kusantar da wuta ga gidan sauro.

8. Ku riƙe ƙailula. Minti 20 zuwa 30 bayan azahar suna maido da kuzari. Idan ta yi tsawo ko ta kai yamma, takan hana barcin dare.

9. Ku bi yanayin shekara. Lokacin shuka da noma da girbi jiki yana bukatar hutu fiye da kullum. A wadatu da tara dabaru. Babban aiki a bar shi sai rani. A watan azumi, da yake sahur yana katse dare, a rage rubutu ko a mayar da shi hantsi.

Kada ku raina awa ɗaya. Shafi guda a kowane dare, kwana 6 a mako, ya haura shafi 100 cikin wata 4. Sannu ba ta hana zuwa.

Matsayin mata

Mace ce take fara tashi a gida, ita ce kuma ta ƙarshen kwanciya. Idan tana da goyo, barcinta a yanke yake tun asali. Ce mata ta kwanta da wuri ba ya wadatarwa idan ba a rage mata aiki ba. Maigida da manyan ƴaƴa suna iya ɗaukar ɗebo ruwa ko kula da ƙananan yara na awa ɗaya, sau biyu ko uku a mako. Ƙungiyar mata kuma tana iya ware rabin awa bayan taron asusu domin rubutu tare, da rana tsaka.

Yaushe za a je wurin ma'aikacin lafiya?

A nemi shawara a asibiti idan rashin barci ya kai dare uku a mako har tsawon wata uku. Ko idan mutum yana minshari mai ƙarfi tare da ɗaukewar numfashi. Ko idan ya yi kwanaki ba ya jin bukatar barci sam, ga surutu da rawar kai da ba a san shi da su ba. Kada a sayi maganin barci a hannun ƴan talla.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

Ƙarfe nawa kowannenmu ya kwanta jiya, ƙarfe nawa ya tashi? Awa nawa ke nan?

Wane aiki ne na rana za a iya ragewa ko a raba domin a sami rabin awa na rubutu?

Magabata sun ce dare mahutar bawa. Ta yaya za mu yi rubutunmu ba tare da mun hana kanmu wannan hutu ba?